Askin da Ke Bayan Littafi

Duk wanda ya taɓa zama a bencin shagonsa ya san dalilin da ya sa ake ce masa Shafi Ɗaya. Ka shigo a gaggauce, mota na jiran ka, ka yi sallama, zai amsa ba tare da ya ɗago kai ba, sai dai ya ɗaga maka yatsa ya ce, "Zauna, shafi ɗaya ya rage." Shafin nan kuwa Allah kaɗai ya san tsawonsa. Wasu sun yi fushi sun koma wajen masu aski da kilifa na bakin kasuwa, waɗanda ke gamawa kafin ka gyara zama. Yawancinsu sun dawo da kansu, domin aski ana samu ko'ina, amma gyaran fuska da aska, wanda mutum zai tashi yana shafa haɓa yana murmushi shi kaɗai, sai a hannun Shafi Ɗaya.

Shagon ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai ɗinki da mai gyaran agogo. Kujera ɗaya ce, irin mai juyawa, amma ta daɗe da daina juyawa hagu. Madubin yana da tabo a kusurwa, fatar wasa aska na rataye a ƙusa, ta yi baƙi ta yi sulɓi. Kanta biyu ne a bango. Ta ƙasa ta kayan aiki ce: almakashi, mataji, burushin kumfa, da askar da maigidansa ya ba shi ranar da ya yaye shi, mai naɗewa, mai marfin ƙashi. Ta sama ta littattafai ce, kuma duka na mutum ɗaya ne.

Marubucin ya shigo rayuwarsa ne ta hannun wani baƙo da ya zo aski ya mance littafi a benci. Bai dawo ɗauka ba. Mai askin ya buɗe don kashe lokaci, sai ya tarar da labarin wani mai gadin mahaɗar jirgin ƙasa, wanda kullum yake fitowa ya rufe ƙofa ya buɗe a kan lokaci, alhali jirgi ya daina bi ta nan. Ya karanta ya ji kamar an leƙa cikinsa an rubuto. Daga nan duk littafin da mutumin ya fitar sai ya nemo shi. Masu zuwa aski ba su riƙe sunayensu ba, da launi suke kiran su: mai jan bango, mai shuɗi, da wanda ɓera ya ci wa kusurwa.

Abu ɗaya ne ya hana soyayyar nan cika. A bayan kowane littafi hoto ɗaya ake bugawa: mutum mai faɗin goshi yana duban gefe, kunnensa na hagu a fili. Sama da kunnen nan layin aski ya taho tsaf, sai kawai ya yi kwana, ya kauce, ya bar ɗan tsibirin gashi a tsaye. Wani ba zai ma lura ba. Shi kuwa Shafi Ɗaya abin ya tsaya masa a rai tun gashinsa na baƙi har ya yi fari.

"Dubi nan, don Allah dubi nan," haka yake cewa, yana cusa wa mutum littafin a fuska, mutum kuwa kumfa har kunne. "Kai irin wannan a ce an rasa wanda zai riƙe shi? Wanda ya yi askin nan, ko akuya ban yarda ya aske ba."

Mai ɗinki yakan leƙo ta ƙofa ya ce, "To ka je ka same shi mana, ka huta mu huta."

"Ranar da Allah ya haɗa mu, kafin mu gaisa zan zaunar da shi."

Haka rayuwa ta yi ta tafiya, ba daɗi sosai, ba wuya sosai. Ya aurar da 'ya'ya, ya binne matarsa, ya koma shago. Autarsa ta yi karatun jinya ta samu aiki a ƙasar waje, tana kiran sa a waya tana yi masa faɗa kan gishiri. Sai hannunsa na dama ya fara rawa.

Da kofin shayi abin ya soma. Ya ce gajiya ce. Da ya ga gajiyar ta ƙi wucewa, sai ya koyi sa hannun a aljihu duk lokacin da ba ya aiki, ya kuma samo dabara: in zai ja aska sai ya dafa ƙaramin yatsansa a kan ƙashin fuskar mutum, hannun ya samu abin jingina, ya natsu. Dabarar ta yi masa aiki har ranar da mai gyaran agogo ya zauna a kujera kamar yadda ya saba, aska ta sauko ƙasan haɓa inda ba ƙashi, ta yi tsalle. Jinin bai fi ɗigo biyu ba. Mai agogo ya ce, "Haba, ba komai, sauro ma ya fi ka." Amma Shafi Ɗaya ya ga idonsa a madubi. Da lokacin gyaran fuskarsa ya sake zagayowa, sai mai agogo ya ce ai ya yanke shawarar tsayar da gemu, shekaru sun ja. Wannan gemun ya fi jinin yi wa mai askin ciwo, domin kullum sai ya gan shi yana ƙara tsawo a ƙofar shagon maƙwabta.

Mai ɗinki ne ya kira Auta a ɓoye. Ita kuma ba ta tsaya shawara ba, tikiti ta aiko.

Tafiyar ta gajiyar da shi tun kafin a tashi. A cire takalmi, a cire ɗamara, a ɗaga hannu, a tsaya nan, a koma can. A cikin jirgi aka ba shi abinci a 'yan robobi masu marfin da sai mai lafiyayyen hannu yake iya buɗewa, ya bar su a rufe ya ce ya ƙoshi. Da suka isa gida Auta ta buɗe babbar jakarsa, sai ga kunshin fata a tsakanin riguna.

"Baba! Kayan aski ka taho da su? Wa za ka yi wa?"

"Ke kina fita ba waya?"

Gidanta ɗaki biyu ne can saman bene, taga na kallon filin ajiye motoci. Takan fita da sassafe, ta dawo ƙafa a kumbure, ta ci abinci a tsaye. Shi kuwa ya wuni a kujera da mai jan bango a cinya. In ya sauko ƙasa ya yi wa mutane sannu, sai su dube shi kamar zai roƙe su wani abu. Sanyin garin ma ba irin wanda ake shiga rana a kore shi ba ne, don ranar kanta ba ta da zafi.

Likitan da Auta ta kai shi wajensa matashi ne mai ladabi. Ya sa shi ya miƙa hannuwa, ya taɓa hanci, ya zana da'ira a takarda, ya ɗauki kofin ruwa. Ruwan ya zube a wando. Sai likita ya yi doguwar magana da harshensu, Auta ta fassara a gajarce: ciwon ba ya kisa, ba ya kuma tafiya, magani yana rage shi ne kawai.

"Ki tambaye shi aska."

Ta tambaya. Likita ya fara murmushi, da ya ga fuskar tsohon sai ya haɗiye.

"Me ya ce?"

"Baba, wuyan mutane ne fa."

"Shi ya faɗa ko ke?"

"Mu biyu."

Suka koma gida. Sai da ta ajiye masa shayi, rabin kofi don kada ya zube, sannan ya ce shi dai yana da tikitin komawa, kuma shagonsa na nan inda ya bar shi.

"Ban hana ka komawa ba, Baba. Ka je ka zauna a shagon, ka yi karatunka, ka yi hira. Askar kawai nake so ka bar mini."

"In na bar miki askar, da me zan buɗe shagon? Da hira?"

Ya tashi ya ɗauko kunshin fatar ya sa ƙarƙashin matashinsa, kamar wanda ke kwana da ɓarawo a gida. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, domin bai san ko shi wane ne ba in aka cire aska daga hannunsa.

An sa masa ranakun zuwa wani sashe na asibitin inda ake koya wa hannuwa aiki: a matsa ƙwallon roba, a ɗaura maɓalli, a tsinci ƙwayoyi a zuba a kwalba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana bin gefen kunne da tsinin ƙarfe, yau shi ake tafa wa don ya sa maɓalli a rami. Yana zuwa ne kawai don Auta ta samu kwanciyar hankali.

A ɗakin jira na wannan sashen ya zauna wata safiya, a bayan wani dattijo mai keken marasa lafiya. Mai aski ta baya yake sanin mutane. Ko a gida, sau nawa yana wuce abokin cinikinsa a hanya bai gane shi ba, sai mutumin ya juya ƙeya. To ƙeyar nan ta tsaya masa a ido. Gashin ya yi fari, ya yi buzu-buzu har kan wuyan riga, ba sauran layi ko alamar layi. Amma kunnen hagun nan, mai ɗan lanƙwasa daga sama, ya fi sanin sa fiye da kunnen kansa. Yana cikin cewa a ransa ido ne ke masa gizo, sai dattijon ya yi tsaki ya ce, da harshen gida, "Wannan sanyi nasu ko tausayi babu."

Shafi Ɗaya ya miƙe, ya zagayo gaban keken. Ga faɗin goshin. Gefen bakin dama ya ɗan zube, gemu ya fito birjik ba tsari, hannun dama na kwance a cinya kamar ba nasa ba. Amma shi ne.

Shekara da shekaru yana tanadin abin da zai faɗa. Ya shirya maganar mai gadin jirgi, ya shirya godiya, ya shirya tambayoyi. Ya yi sallama, marubucin ya amsa da mamakin jin harshen gida, suka gaisa, aka tambayi jiki. Dattijon na duban sa yana jira. Kan mai askin ya zama fayau. Abin da bakinsa ya fi sabawa da shi, shi ya fito.

"Malam, don Allah wa ya yi maka askin da ke bayan littafi?"

"Wane aski?"

Da hannun hagu ya zaro mai jan bango daga aljihun rigar sanyi, ya juya bayansa, ya nuna da yatsa. Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma harshe in ya hau hanyar da ya saba ba ya jin birki. Ya yi bayanin layin, ya yi bayanin kwanar, ya nuna tsibirin gashin, ya ce shi mai aski ne, abin ya daɗe yana hana shi sukuni. Ya rufe da maganar akuya, kalma ba ta faɗi ba.

Marubucin ya daɗe yana kallon hoton.

"Matata ce," ya ce. "Ita take mini aski tun muna ɗaki ɗaya. Bara Allah ya yi mata rasuwa."

Da ƙasa za ta tsage da Shafi Ɗaya ya shige har da littafin. Ya ce Allah ya jiƙanta, ya sake cewa, ya ƙara cewa, bai san ko sau nawa ba. Wata nas ta zo ta tura keken suka shige ciki, aka bar shi tsaye a tsakiyar ɗaki da jan littafi a hannu.

Da ya ba Auta labari ta yi dariya har ta riƙe ciki. Sai ta ga bai taɓa abincinsa ba, ta daina. Ya ce shi ya gama zuwa wajen matsa ƙwallon nan. Ta ce bai gama ba.

Ranar komawa asibitin ya lallaɓa ya zauna can kusurwa bayan wata tukunyar fure. Bai ko gyara zama ba ya ji an ɗaga murya.

"Kai, mai akuya! Zo nan."

Ya zo, kai a ƙasa, ya fara ba da haƙuri. Marubucin ya kaɗa hannun hagu. "Bari, bari. Tun da na zo ƙasar nan kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. Kai ne na farko da ya zage ni. Zauna."

Ya zauna. Kuma gaskiyar magana, hirar ba ta yi daɗin da ya yi shekaru yana zato ba. Marubucin ƙorafi ya yi ta yi: abincin ba gishiri, safar da aka ba shi tana matse shi, ɗansa da ya rako shi kullum yana kan waya. Tsoho ne kawai mai ciwo, irin waɗanda ke cika benci a shago. Da mai askin ya samu sarari sai ya jefa tambayar da ta fi damun sa.

"Malam, mai gadin nan. Daga ƙarshe jirgin ya zo kuwa? Littafin ya ƙare yana tsaye da fitila."

"Oho. Ban sani ba."

"Kai fa ka rubuta."

"Na gaji ne na tsaya. Mutane suka ce hikima ce, ni kuma ban musa ba."

Shafi Ɗaya ya tuna gardamar da aka sha yi a shago kan jirgin nan, har mai ɗinki da mai agogo suka yi kwanaki ba sa gaisawa. Duk da haka ya miƙa littafin da biro, ya ce ko a sa masa hannu. Marubucin ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinya, ya dubi biron.

"Ka makara, abokina."

Mai askin ya mayar da littafin aljihu. Can marubucin ya shafa gemunsa da hagu ya ce tun da ta rasu ba wanda ya taɓa fuskar nan da mutunci. Masu jinya da wata na'ura suke zuwa, mai ƙugi, tana tsinke gashi tana ja. "Tunda ka iya zagi, ka iya aiki?"

Da wani ne, da mai askin ya ce ya iya, ya bar hannun a aljihu. Amma ya riga ya yi wa mutumin nan laifi ɗaya. Ya zaro hannun ya miƙa a tsakaninsu. Yatsun na ta kaɗawa, ba su ko ji kunyar baƙo ba.

Marubucin ya duba, ya yi 'yar dariya da rabin baki. "Ɓangaren nan na dama ba ya jin komai. Sai ka fara da can."

Da yamma ya gaya wa Auta. Ta buɗe baki, ya riga ta.

"Ki zo ki tsaya ki gani. In na gama fuskar nan lafiya, zan koma shagona da askata, ba za ki ƙara yi mini magana ba."

"In ba ka gama ba fa?"

Ya ɗauko askar ya hau wasa ta a ɗamararsa.

Marubucin na zaune ne a wani ɗakin haya kusa da asibiti, gado ɗaya, kabad mai dogon madubi, magunguna jere a kan taga. Suka je da hantsi ranar hutun Auta. Ɗan marubucin ya gaishe su ya fita baranda da wayarsa. Auta ta tsaya jikin ƙofa, ta harɗe hannuwa, jakarta cike da auduga da filasta, tana zaton uban bai gani ba.

Mai askin ya juya keken ya fuskanci madubin kabad, ya yafa tawul, ya zagaya baya. Da tsayuwarsa a bayan mutum sai harshensa ya warware, domin shi duk hirar duniya ta madubi ya iya ta. Yana jiƙa gashi yana tajewa, ya faɗi abin da ya kasa faɗa a ɗakin jira. Ya ce bayan an binne matarsa ya rasa dalilin fitowa daga gida. Mai gadin jirgin nan ne ya fito da shi. Ya ce a ransa, in wancan zai iya buɗe ƙofa kullum don jirgin da ba ya zuwa, shi ma zai iya buɗe shago. "Ko ka gaji ne ka tsaya, Malam, ni dai ya riƙe ni."

Marubucin ya lumshe ido.

Da almakashi aka fara. Mataji na tokare hannun, aiki na tafiya, farin gashi na zuba a tawul. Ya gama ƙeya, ya gama dama, ya zo kunnen hagu, wurin da ya yi rabin rayuwarsa yana jira. Ya sa mataji ya ɗaga gashin, sai ya ga ɗan ƙullutu baƙi, kamar ƙwayar wake, a laɓe daidai inda layi ya kamata ya bi.

"A hankali nan," in ji marubucin, ido a rufe. "In aka taɓa shi jini yake yi, ba ya tsayawa da wuri. Kewaye shi take yi."

Shafi Ɗaya ya tsaya da almakashi a sama. Babu wata hanya. Ya taho da layin tsaf, ya yi kwana, ya kauce, ya bar ɗan gashi ya rufe wurin. Da ya ja baya ya dubi madubi, sai ga askin bayan littafi, sak, da hannunsa. Kunya ta rufe shi, da tausayin matar da bai taɓa gani ba, wadda ya yi shekaru yana haɗa ta da akuya a gaban jama'a. A hankali ya ce, "Allah ya jiƙanta. Ta iya aski."

"Ba ta iya ba," in ji marubucin. "Tsoro take ji kawai kada ta ji mini ciwo."

Mai askin ya kaɗa kumfa ya shafa, ya buɗe askar. Auta ta sauke hannuwanta. Ya dafa ƙaramin yatsa a ƙashin kunci na dama, ya ja. Ƙarar nan da ya yi kewa ta fito, siririya, fata ta bayyana fes a bayan ƙarfe. Ya goge a tawul ya sake ja. Ya gama dama ya koma hagu, ya bi gefen saje, ya bi ƙarƙashin hanci, ya zagaye haɓa. Ko ƙwarzane babu. Zuciyarsa ta fara gaya masa ga shago can, ga mai agogo zai zauna a sauke masa gemun nan na ƙarya.

Sai ya sa yatsu ya ɗaga haɓar, wuya ya miƙe. Fatar tsufa ce, sakwaf, ga jijiya na bugawa a gefe ana gani. Ya nemi inda zai dafa yatsa. Ya gwada nan, ya gwada can, ko'ina taushi. Askar na rataye a iska, tsininta na rawa, kumfa na ɗiga daga bakinta a kan tawul. Ya ja numfashi ya riƙe, ya matso da ita har ta kusa taɓa fata. Rawar ta ƙaru.

"Ci gaba," in ji marubucin. "Ni ban ji tsoro ba."

"Ni na ji, Malam."

Ya daɗe a tsaye a haka. Ba wanda ya hana shi. Mai wuyan ya miƙa wuyansa, wataƙila ma da ya ja da an wuce lafiya. Amma a aikin nan ba a jan aska a kan wataƙila, shi ya fi kowa sani. Ya janye hannun. Ya jiƙa tawul da ruwan ɗumi ya goge kumfar wuyan a hankali, har ƙasan kunne, ya shafa mai a kumatu.

Marubucin ya buɗe ido ya dubi kansa. Sama fes, ƙasan haɓa kuwa farin gashi na nan cunkus. Ya shafa da hagu.

"Rabi ke nan."

"Rabi, Malam."

"Ni ban sa maka hannu ba, kai ba ka gama mini ba. Mun yi kunnen doki." Ya juya kai ya kalli kunnensa na hagu a madubi, ya daɗe yana kallo. Idonsa ya kawo ruwa, bai ɓoye ba. "Wannan dai ka yi shi daidai."

Mai askin ya wanke askar a famfo, ya tsane ta sosai don kada ta yi tsatsa, ya naɗe, ya mayar cikin kunshi. Suka yi sallama irin ta tsofaffin da suka san da wuya su sake haɗuwa, gajeriya, ba alkawari.

A cikin bas suka samu kujera ta can baya. Auta na ta kallon taga, ta ƙi duban sa. Gajiya ta sauko masa gaba ɗaya, tun daga kafaɗa har tafin ƙafa, irin wadda barci ba ya maganin ta. Da bas ɗin ya tsaya a wata mahaɗa, sai ya ɗora mata kunshin fatar a cinya.

"Riƙe wannan. Ki riƙa shafa mata mai, ba ta son damshi."

Ta sa kunshin a jaka, kusa da audugar da ba a taɓa ba, ta juya fuska tana share ido da bakin mayafi.

Shi kuma ya zaro mai jan bango ya buɗe inda ya tsaya. Hannun na rawa, takardar na rawa, bai mayar da shi aljihu ba. Ya karanta shafin tun daga sama har ƙasa, ba wanda ya yi gyaran murya, ba wanda ya ce yana sauri. Da ya kai layin ƙarshe sai ya ɗago kai kamar kullum, bakinsa har ya buɗe zai ce wa ke biye. Ƙeyoyin mutane ne jere a gabansa har gaban mota, wasu ma sun isa aski, kuma babu ko ɗaya da ke jiran sa.